Ina Ruwan Gidanka Yake Bi?

 



A irin wannan zama mun saba jin batun albashi, da ƙarin girma, da fansho da garatuti. Da aka ce yau za a yi magana a kan magudanar ruwa, na san akwai wanda ya ce a ransa, to me ya haɗa malami da lambatu? Abin da ya haɗa su shi ne gida. Malamin firamare ba ya gina gida a shekara ɗaya. Bana adashi ya fito ya sayi fili, baɗi ya ci bashin ƙungiya ya buga bulo, bayan shekara uku ya sayi kwano bandir biyu ya jingine a ɗakin surukinsa. Kafin ya tare, furfura ta fara fito masa. Wannan gida shi ne albashinsa na shekara talatin da aka tara wuri ɗaya, shi ne kuma abin da zai bar wa iyalinsa. Saboda haka duk abin da ke cin gidan nan, albashinmu yake ci, kuma ya cancanci a tattauna shi a taron ƙungiya.

Ruwa iri biyu ne ke shigo mana gida a wannan kwari namu, kuma yana da kyau a raba su tun farko. Na ɗaya shi ne ruwan gulbi. Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sannan ya faɗa Kwara. A samansa akwai manyan madatsai biyu, Goronyo a kan Rima, da Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara. In ya cika ya batse, ba shebur ɗin malami ne zai tare shi ba. Manya a cikinmu ba su manta watan Satumba na 2010 ba, lokacin da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya shafe garuruwa da gonaki har nan ƙasar Kabi. Na 2020 kuwa ko yaranmu sun gani, shekarar da aka ba da rahoton cewa ruwa ya cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar nan. A 2022 fiye da mutum 600 suka rasu a ambaliya a faɗin Nijeriya. Wannan ruwa maganinsa yana hannun hukuma: kula da madatsai, gargaɗi a kan lokaci, da hana gini a cikin fadama. Namu a ciki shi ne mu saurari hasashen da hukumar NiMet da hukumar NIHSA suke fitarwa kowace shekara kafin damina, in an ce a tashi mu tashi.

Na biyu shi ne wanda na zo dominsa. Shi ne ruwan da ya sauka a kan rufinka, da tsakar gidanka, da ƙofar gidanka, ya rasa inda zai bi. Ba a sanar da shi a rediyo, ba a kawo wa wanda ya shafa buhun shinkafa da tabarma. Gulbi yana iya yin shekara biyar bai kai unguwarka ba, amma wannan kowace damina yana nan. A ganina gidajen malamai da ya lalata a hankali sun fi waɗanda gulbi ya rushe a dare ɗaya.

Tun da mu masu koyar da lissafi ne, bari mu auna shi. Idan ruwa mai zurfin milimita 1 ya sauka a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1, an sami lita 1. Ɗauki gida madaidaici, ɗaki uku da falo, rufinsa murabba'in mita 100. A yi ruwa mai ƙarfi na dare ɗaya, milimita 50, irin wanda muke gani a watan Agusta. Rufin nan ya zubo lita 5,000. Duro 25 ke nan, ko jarka 200 mai lita 25. In kurar mai ruwa tana ɗaukar jarka 10, to kura 20 aka juye a gindin bangonka kana barci. Ruwan da muke samu a shekara a wannan yanki yana kai wa kimanin milimita 800, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, wato rufin nan kaɗai yana zubo duro 400 a cikin wata huɗu. Da wani zai zo da rana tsaka ya juye ko duro ɗaya a jikin ginin ɗayanmu, da sai an kai ga mai unguwa. Amma mu da kanmu muke buga kwano, mu bar bakinsa yana tsiyaya taku ɗaya daga bango, a kan ƙasar da ba a daɓe ba.

Abin da ruwan nan yake yi wa gini ba a ɓoye yake ba. Da farko yana dukan ƙasa ya fantsamo, ya ci gindin bango. Ku duba katangun unguwa in kun fita, za ku ga ƙasansu ya rame kamar an sassaƙe shi da gatari, sama kuwa lafiya lau. Sannan in ya kwanta, bango yana shan sa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Danshin yana hawa, ya ɗauko gishirin ƙasa, in ya bushe gishirin ya fito fari-fari, fenti ya kumbura, filasta ta ɓare. Mai gida ya kira mai fenti, baɗi a sake. Mafi muni shi ne wanda ke faruwa a ƙarƙashi. Ƙasar laka, irin ta gefen fadama, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, kuma harsashin gini yana hawa da sauka tare da ita har ya gaji ya tsage. Ƙasar yashi kuwa ruwa yana kwashe ta ne daga ƙarƙashin harsashi, ya bar shi a rataye. Birnin Kebbi tana zaune a kan tudu mai kallon fadama, don haka ruwanta gudu yake yi, kuma wanda ya taɓa leƙa kwazazzaban da ke wajen Dukku ya ga abin da ruwa mai gudu yake yi wa ƙasa in ba a gina masa hanya ba.

Kada mai ginin bulo ya ce wannan maganar masu ginin ƙasa ce. Bulon da ake bugawa yau, wanda ake matsa wa buhun siminti ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, shan ruwa yake yi fiye da tubalin da aka cuɗa da kyau.

Magabatanmu sun san wannan sarai. Maginin gargajiya ba ya gama soro bai sa indararo ba, kuma dogo yake sa wa, don ya jefa ruwa nesa da bango. Yana ɗaure gindin gini da dakali. Yana yin katanga mai kauri a ƙasa, tana sirancewa tana hawa. Yana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko ya yi laso da katsin marina. Mata suna daɓe tsakar gida da birji, su karkata daɓen ya nufi wuriya, ita kuma wuriya ta fitar da ruwa waje. Kowace shekara kafin ruwan fari a yi yaɓe, a toshe tsaga, a duba azara. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya gina a 1831, ya zama fadar sarakuna har 1942, ginin ƙasa ne, kuma ga shi nan a tsaye ana shiga ana fita. Ba don ƙasarsa ta fi ta kowa ba ne, kulawa ce ba ta yanke ba. A ɗaya gefen kuma, a watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa, mutane suna kallo. Ginin ƙasa yana iya kai shekara ɗari biyu, yana kuma iya tafiya a damina ɗaya.

Akwai wani abu na tsohon gari da ba mu cika yaba masa ba, wato kududdufi. Ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwa shi ne ya zama matattarar ruwan unguwar. Yana da illarsa, ga sauro, ga yaran da ke faɗawa. Amma yana riƙe ruwan dare ɗaya ya sake shi cikin ƙasa a hankali. Da gari ya cika, sai aka riƙa cike kududdufai da shara, a yanka su filaye, a sayar. Ruwan bai sami labarin cinikin ba. Yana zuwa inda ya saba zuwa, sai ya tarar da falon wani.

Wanene ke sayen irin wannan fili? Mai ƙaramin ƙarfi, wato mu. Kuma da rani muke saye, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, dillali yana buga ƙafa a ƙasa yana cewa, Malam, ka ji tsandauri. Shawarata ga wanda bai saya ba tukuna ita ce ya yi haƙuri har Agusta, ya je ya ga filin da safe bayan an kwana ana ruwa. In ba zai iya jira ba, ya duba katangun maƙwabta, ruwa yana barin zane a inda ya tsaya. Ya duba ko ƙasar tana da manyan tsaga irin na laka, ko akwai kacalla da sauran ciyayin da ba sa rayuwa sai a dausayi. Ya nemi tsohon da ya taɓa noma wurin ya tambaye shi me yake shukawa. In ya ce gero, to madalla. In ya ce shinkafa, an ba ka amsa. Ko sunayen unguwanni suna ba da labari ga mai saurare, domin waɗanda suka raɗa wa wuri Tudun Wada, da waɗanda suka raɗa wa wani Rafin Atiku, sun ga ƙasar kafin a rufe ta da gini.

Wanda ya riga ya saya zai fara gini, tun ran gini tun ran zane. Kafin a ja igiyar ɗaki, a zauna da birkila a amsa tambaya ɗaya: ina ruwan gidan nan zai fita? Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tsawo, tsakar gida ta fi hanya tsawo. A kuma bar rara, saboda ran da aka zo zuba kwalta sai an yi ciko, titi ya hau, gidajen da ke gefe su koma rami. Mun ga unguwannin da samun titi ya zame wa wasu gidaje musiba. A sa ledar hana danshi a kan harsashi, aƙalla inci 6 sama da ƙasar waje, kuma a tsaya a ga an sa, don abu ne da in an rufe shi ba mai sake ganinsa. Ƙasar da ke kewaye da gini ta gangara nesa da bango. Ma'aunin da masana gini suke bayarwa shi ne gangaren inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko, kaurin ƙaramin bulo ke nan. Ba sai an ɗauko injiniya ba. Farin tiyo da aka cika da ruwa, irin wanda birkiloli ke ɗaukar lebur da shi, ya isa, domin ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsawo ɗaya yake tsayawa. A zagaye gini da dakali ko daɓen siminti mai faɗin kamar mita 1, ta yadda ruwan kwano zai sauka a kansa ya wuce.

Na san amsar da ke bakin kowa: kuɗi. Gaskiya ne, ciko tifa-tifa ne, kuma ba a ganinsa in an gama. Mutum ya fi son ya sa kuɗinsa a tayil da silin da baƙo zai gani ya yaba. Amma tayil yana jira, ana iya sa shi bayan shekara biyar. Tsawon daɓe kuwa in an kuskure shi, gyaransa sai an ɗaga ƙofofi da tagogi, wani lokaci har rufi.

Yanzu ga wurin da nake ganin mun fi yin kuskure, mu da muke ganin mun waye. Mutum ya ji wannan bayani, ya tafi ya yi ciko mai tsawo, ya malale tsakar gidansa kaf da siminti, bai bar ko tafin hannu na ƙasa ba, ya huda katanga ya saki ruwan a lungu. Gidansa ya bushe. Mu koma ga lissafi. Fili mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 450. A daren nan na milimita 50, ya tara lita 22,500, fiye da duro 110. Da can ƙasa tana shan wani kaso, yanzu duka waje za shi, kuma cikin 'yan mintoci. Gida goma su yi haka a layi ɗaya, duro dubu da ɗoriya sun nufi gidan da ya fi kowanne gangare, wanda sau da yawa gidan gwauruwa ne ko na tsohon da ba shi da kuɗin ciko. Shi ma in ya samu ya yi nasa cikon, ya tura wa na gaba. Haka unguwa take hawa kowa yana tsere wa kowa, ruwan bai ragu da cokali ɗaya ba. Bahaushe yana cewa ba ruwana in yana son ya zare hannunsa daga magana. A nan kam da ruwanka, don daga rufinka ya sauko.

Wannan ba sabuwar rigima ba ce, kuma malaman fiƙihu ba su ɗauke ta ƙaramar magana ba. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba gine-gine in maƙwabta sun kai ƙara. Ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya, mazhabar da alƙalan Gwandu da Sakkwato suka yi shari'a da ita. A ciki akwai shari'o'in indararon da ke zuba a gidan wani, da masai da aka haƙa kusa da bangon maƙwabci ko rijiyarsa. Malaman sun bambanta ruwan sama da ruwan da aka yi amfani da shi. Na sama rahama ne, yana da hanyarsa ta asali, kuma ba a yarda wani ya toshe ta ko ya karkatar da ita ya cutar da wani ba. Ruwan wanka da wanki kuwa ƙazanta ne, nauyinsa yana kan mai shi. Ginshiƙin duka shi ne hana cuta. Mu da muke koya wa yara haƙƙin maƙwabtaka a aji, ya kamata wuriyar gidanmu ta yi daidai da abin da muke faɗa.

To, me mutum zai yi da ruwansa in bai tura wa wani ba? Ya rage shi tun a gida. A bar wani sashe na tsakar gida ƙasa, nesa da bango, a zuba tsakuwa ko a dasa zogale da lemun tsami da gwanda, ruwa ya sami wurin nutsewa. A sa mazurari a bakin kwano a tara ruwa a duro ko tanki. Abin mamaki ne a ce muna zubar da duro 400 da damina, sannan mu bi mai kura da kuɗi a watan Maris. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya zube, sannan a tara, kuma a rufe abin da aka tara ruf. Ruwan wanka da wanke-wanke a haƙa masa rami a cika da duwatsu, kamar mita 5 daga gini in fili ya ba da hali, maimakon a sake shi a hanya ya zama baƙar kwata shekara duka. Abin da ya rage bayan wannan shi ne zai fita lambatu, kuma a nan magana ta zama ta unguwa.

Lambatunmu kuwa kowa ya san halin da suke ciki. Da rani su ne kwandon shara: leda, robar lemo, tokar murhu, yashin da aka share daga ƙofar gida. Wani ma da gangan yake jiran hadari ya haɗu ya fito da shararsa, wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta zuwa ko'ina, a kwalbatin farko take tsayawa. Mai shago ya rufe lambatun gabansa da kankare ba ƙofar yashewa. Mai mota ya binne ƙaramin bututu a ƙofar gidansa don ya ji daɗin shiga, bututun ya toshe a ruwan farko. In an yi aikin gayya kuma, sai a tara abin da aka yaso a bakin lambatun a tafi, ruwan dare ya mayar da shi inda ya fito. Iyayenmu da ke zaune a nan sun ga zamanin duba-gari, wanda yake shiga gida ya leƙa randa da wuriya da bayan ɗaki, a ci tarar wanda ya yi sake. Ba ina kiran a dawo da tsoron da ake yi masa ba ne, amma aikin da yake yi har yau ba wanda ya gaje shi sosai.

Na bar batun lafiya zuwa yanzu da gangan, don shi ya fi nauyi. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna cewa a cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Jihar Kebbi, 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, alhali matsakaicin ƙasa 22 ne. A wancan binciken mu ne muka zo a sahun gaba a duk Nijeriya. Shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafin cutar a watan Disamba na 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Mu malamai ba ma bukatar takarda ta gaya mana, rajistar aji ta Satumba da Oktoba ta isa shaida.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sauron da ke kawo wannan zazzaɓi ba baƙar kwata ya fi so ba. Ya fi son ruwa mai ɗan tsabta, marar zurfi, wanda rana ke duka: sawun tayar mota, sawun shanu, ramin da masu bulo suka bari, ɗan tabkin da ke ƙofar gida wanda muke tsallakewa kullum. A irin zafinmu, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 ne zuwa 10. Ma'ana duk ruwan da ya kwana bakwai a wuri ɗaya ya fara yaye sauro. Ba zan ce gyaran tsakar gida zai kawar da zazzaɓi a garin da ke gefen fadamar shinkafa ba, ƙarya ke nan. Gidan sauro da maganin da ake raba wa yara wata-wata da damina da allurar rigakafi duk suna nan a matsayinsu. Amma ramin da ke taku biyar daga ɗakin 'ya'yanka, shebur uku na ƙasa ne maganinsa.

Sai masai da rijiya. Masana lafiya suna son a sami mita 30 tsakaninsu. Filin ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka mita 30 ne, kuma maƙwabci ma yana da nasa masai a bayan katanga, don haka a cikin gari wannan ma'auni da wuya ya samu. Abin da zai yiwu shi ne masai ya kasance a gangare, rijiya a tudu, a ɗaga bakin kowannensu sama da inda ruwa ke kaiwa, a yi wa rijiya daɓe da murfi. In ruwa ya kwanta a gida ya shafe bakin masai, abin da ke ciki ya fito ke nan, kuma rijiya ce masauƙinsa. A 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, fiye da 3,000 suka rasu, mafi yawa a Arewa, kuma da damina abin ya fi tsanani.

Ina roƙon iyayenmu mata da ke nan su riƙe wannan, don su suka fi zama a gida, su suka fi ganin bango. In tsaga tana ƙara buɗewa, ko ƙofa ta fara cijewa ba dalili, ko bango ya yi ciki, ko ƙasa tana zubowa daga rufi a lokacin marka, a kwashe yara daga ɗakin a daren, kada a jira gari ya waye. Bangon da ya sha ruwa kwana uku a jere cikin dare yake faɗuwa, kuma ba ya sallama. Wanda ke gidan haya ma abin ya shafe shi. Ya nuna wa mai gida tun da rani, in ya yiwu a yi yarjejeniya a gyara a cire a kuɗin haya.

Makarantunmu ba su tsira ba. Akwai wadda filin taronta yake zama tabki daga Yuli zuwa Oktoba, akwai ajin da ba a shiga sai an tuɓe takalmi an naɗe wando, akwai bayin da yara suke ƙaurace wa duk damina, kuma mun san inda suke zuwa a maimakonsa. Ana gina ajujuwa masu kyau a miƙa mana, ba mazurari, ba dakali, bayan shekara uku gindinsu ya zaizaye. Amma wannan matsala darasi ce da ta zo har ƙofar aji. Gorar ruwa da aka yanke wa kai aka manna mata rula ta zama ma'aunin ruwan sama. 'Yan aji biyar za su iya auna rufin ajinsu su lissafa lita nawa ya zubo jiya. 'Yan aji shida su fita bayan an ɗauke ruwa su zana taswirar makaranta, su nuna inda ruwa ya bi da inda ya kwanta, su dawo bayan kwana bakwai su duba ko ƙwarkwaron sauro ya bayyana. Yaron da ya yi wannan da hannunsa zai koma gida ya dubi wuriyar gidansu da wani ido.

Shugaba, ina da buƙata ga wannan reshe. Ina roƙon kwamitin da ke ba da bashin gini ya riƙa tambayar mai nema inda ruwan filinsa zai fita, kuma a yarda kuɗin ciko da dakali da mazurari su shiga cikin abin da ake ba da bashi dominsa, yadda bulo da kwano suke shiga. Ina roƙon kowane shugaban makaranta ya rubuto wuraren da ruwa ke kwanciya a makarantarsa, reshe ya haɗa su takarda ɗaya ya kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma tun kafin a tsara ayyukan shekara. Sannan a sa mana Asabar ɗaya a watan Mayu, kowane malami ya sami mai unguwarsa da limaminsa a fito a yashe lambatun layi, a kuma tanadi amalanke ko kura da za ta kwashe abin da aka yaso a ranar, kafin la'asar.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka.